Belbeji: Yadda matasa ke naɗar wasan PlayStation da waya su yaɗa shi duniya

Da zarar an idar da sallar isha'i a garin Belbeji, zafin yini ya sauka, sai ƙarar janareta ta fara tashi daga wasu shaguna. Cikin irin waɗannan shaguna ne ake samun gidan gem: talabijin ɗaya ko biyu a kan tebur, na'urar PlayStation da aka lulluɓe da ƙyalle saboda ƙura, benci na katako, da samari cike da ɗaki har bakin ƙofa.

Mutum biyu ne ke riƙe da abin sarrafa wasan, wanda a Nijar ake ce wa maneti, a Najeriya kuma pad. Sai dai akwai na uku da aikinsa bai gaza nasu ba. Yana tsaye a bayansu, ya ɗaga wayarsa da hannu biyu yana saita fuskar talabijin, yana jiran ƙwallo ta shiga raga. Idan ta shiga, ɗakin ya kaure da ihu, to kafin a tashi daga wurin ɗan guntun bidiyon ya riga ya shiga wayoyi da dama. Kafin wayewar gari mai yiwuwa ne wani ɗan garin da ke cin rani a Agadas ko Kano ko Libiya ya kalle shi ya aiko da martani.

Naɗar wasan bidiyo da yaɗa shi a intanet sana'a ce ta biliyoyin daloli a duniya. A Belbeji da sauran garuruwan Damargu ana yin abin, amma ta wata hanya dabam da wadda kamfanonin da suka ƙera na'urorin suka tsara. Kuma a mafi yawan lokuta, kuɗi fita suke yi daga aljihun matasan, ba su dawowa.

Gari a bakin makiyaya

Belbeji shi ne babban garin ƙaramar hukumar Tarka a jihar Damagaram. A shekarar 2011 ne aka cire yankin daga gundumar Tanut aka mayar da shi gunduma mai cin gashin kanta. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa gundumar na da mutum sama da 96,000, waɗanda suka haɗa da Hausawa da Abzinawa da Fulani.

Yankin Damargu ya yi suna da noman hatsi da kiwo, kuma nan ne gonaki ke fara ƙarewa, makiyaya ta fara. Babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Agadas ta Tanut ta bi, Belbeji kuwa yana can yamma. Duk abin da zai iso garin, daga buhun siminti har na'urar gem, sai ya sha tafiya.

Rayuwar matasan yankin tana bin kalandar damina. Idan aka cire amfanin gona, wasu su kama hanyar cin rani zuwa Najeriya ko Aljeriya ko Libiya, ko wuraren haƙar zinari na jihar Agadas da suka bunƙasa tun 2014. Waɗanda suka rage a gida suna da dogon rani a gabansu, ga ƙarancin aikin yi. A nan ne fada, wato majalisar samari da ake dafa shayi ana hira, take da muhimmanci. Masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier ta wallafa littafi guda a 2019 kan fada a Nijar, inda ta nuna yadda samari ke mayar da zaman jira ya zama zumunci da neman mutunci a idon juna. Gidan gem ƙanin fada ne, kuma bidiyon da ake naɗa a cikinsa a fada ake yanke masa hukunci.

Maɓallin da aka yi domin wata duniya

Lokacin da kamfanin Sony na Japan ya fitar da PlayStation 4 a watan Nuwamban 2013, ya sanya wani sabon maɓalli a jikin maneti mai suna Share. Na'urar na naɗar wasa a ɓoye ba tare da an umarce ta ba, ta yadda idan wani abin mamaki ya faru, mai wasa zai danna maɓallin ya adana mintuna 15 da suka wuce. A 2016 an faɗaɗa wannan zuwa awa guda. PlayStation 5 da ta fito a Nuwamban 2020 ta zo da irin wannan maɓalli da sunan Create, kuma tana iya naɗar hoto mai tsananin kyau. Kamfanin Microsoft ya yi makamancin haka a Xbox One, shi ma Nintendo ya ba masu Switch damar adana daƙiƙa 30 tun daga Oktoban 2017.

Dalilin kamfanonin a fili yake. Kowane bidiyo da mai wasa ya ɗora talla ce ta kyauta. An buɗe dandalin Twitch na nuna wasa kai tsaye a 2011, kuma shekara uku bayan haka Amazon ya saye shi a kan dala miliyan 970.

Amma maɓallin ya ginu ne a kan wasu sharuɗɗa: wutar lantarki da ba ta yankewa, intanet mai ƙarfi a cikin gida, da asusun PlayStation Network. Nijar ba ta cikin ƙasashen da Sony ya amince a buɗe wannan asusu da sunansu. A Afirka kudu da Sahara, Afirka ta Kudu ce kaɗai ke cikin jerin. Duk ɗan Nijar ko ɗan Najeriya da ke da asusun, to ya rubuta cewa yana zaune a Faransa ne ko Amurka ko wata ƙasar. Girman wannan giɓi ya fito fili a watan Mayun 2024, lokacin da takaddama kan wasan Helldivers 2 ta sa aka dakatar da sayar da shi a ƙasashe da yankuna sama da 170 da ba su da wannan hidima.

Ko wanda ya tsallake wannan shinge zai tarar da wani. Sony ya cire damar tura bidiyo kai tsaye zuwa Facebook a Oktoban 2019, sannan ya cire ta X, wato tsohon Twitter, a Nuwamban 2023. Abin da ya rage shi ne YouTube da Twitch, alhali a ƙasar Hausa WhatsApp da Facebook da TikTok ne inda jama'a suke.

Hanyoyi uku na kama hoto

Hanya ta farko, kuma wadda ta fi yawa, ita ce ɗaga waya a gaban talabijin. Ba ta buƙatar komai sai caji da wuri a memori. Illarta ita ce hoton kan yi rawa, hasken kwan lantarki ya faɗo a kan gilashi, idan kuma tsohuwar talabijin ce mai tudu a baya sai a riƙa ganin wasu layuka na gangarowa, saboda saurin da talabijin ke sabunta hoto bai yi daidai da saurin kyamarar waya ba. Masu ƙwarewa kan kashe fitilar ɗakin, su jingina wayar a kan kujera ko gwangwani, su kwantar da ita a gicciye idan YouTube za a kai, ko su tsayar da ita idan TikTok ne.

Ga masu PlayStation 2 kusan wannan ce kaɗai mafita mai sauƙi. Na'urar ta fito ne tun shekarar 2000, an sayar da sama da miliyan 150 a duniya, kuma har yanzu tana aiki a ƙananan garuruwa saboda arha da juriya. Ba ta da wata hanyar naɗar wasa a cikinta. Ita ma PlayStation 3 tana da matsalarta: wayar HDMI ɗinta na ɗauke da wani makulli da ake kira HDCP, wanda aka yi don hana satar fina-finai, kuma yana hana kwafe hoton wasa ta nan.

Hanya ta biyu ta masu PlayStation 4 ce, kuma mutane da yawa ba su san ba ta buƙatar intanet ko kaɗan ba. Bayan an adana bidiyon da maɓallin Share, sai a shiga ma'ajiyar hotuna ta na'urar a kwafe shi zuwa filashi. Daga filashi sai a yi amfani da ɗan ƙaramin mahaɗi na OTG a zuba shi cikin waya. Hoton kan fito tsaf, ba rawa ba ƙyalli. A cikin waya sai a yanke shi da manhajoji irin su CapCut ko KineMaster ko InShot, a ɗora murya ko rubutu.

Hanya ta uku ita ce ta ƙwararru: wani ɗan akwati da ake sakawa tsakanin na'urar gem da talabijin, ya kwashi hoton ya miƙa wa kwamfuta. Kamfanin Elgato ya yi suna da irin wannan tun 2012, akwai kuma masu arha ƙirar China. Manhajar OBS Studio da ake haɗawa da shi kyauta ce. Tun Afrilun 2014 Sony ya ba masu PlayStation 4 damar kashe makullin HDCP domin wannan aiki. Sai dai hanyar na buƙatar kwamfuta, kwamfuta kuma wani bakin ne da ke cin wuta.

Akwai kuma waɗanda suka haƙura da na'urar gem gaba ɗaya. Tun fitowar Android 11 a 2020 wayoyi da yawa na zuwa da abin naɗar fuskar waya a cikinsu. Masu buga Free Fire da PUBG Mobile da Dream League Soccer, da masu buga tsofaffin wasannin ƙwallo ta manhajar PPSSPP, duk a waya ɗaya suke wasa su naɗa su yanke su tura.

Lissafin wuta da data

Mai gidan gem a Damargu ɗan kasuwa ne da ke lissafin kowace lita ta mai. PlayStation 2 ƙarama ba ta kai wat 50 ba. PlayStation 4 kan ci tsakanin wat 80 zuwa 140 gwargwadon ƙirarta, ita kuwa PlayStation 5 tana kai wa wajen 200 idan wasa ya yi zafi, ban da talabijin da fanka. Ga wanda ya dogara da faifan sola da batir, wannan bambanci shi ne ke nuna ko zai kai tsakar dare yana aiki ko zai rufe tun ƙarfe tara.

Batun wuta ya shafi ƙasar baki ɗaya. Kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke samun lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin ya fi haka muni. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. An katse ta a watan Agustan wannan shekara saboda takunkumin ECOWAS, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. Abin lura shi ne matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana kan hanyar Damagaram zuwa Tanut ne, wato maƙwabciyar Belbeji ce. Duk da haka mai janareta sai ya sa kuɗinsa ya saya.

Sai zafi da ƙura. Littafin da ke zuwa da PlayStation 4 ya ce a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damargu kan haura 40. Idan hunturu ya shigo kuma ƙura ta toshe fankar na'urar, sai ta riƙa kuka kamar injin niƙa, wani lokaci ta mutu ana tsakiyar wasa, bidiyon da ake naɗa ya bi ruwa.

Farashin na'urar kansa wani labari ne. An fara sayar da PlayStation 5 mai cin faifai a Turai a kan yuro 499, wato kusan sefa 328,000. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar a Nijar a 2012 sefa 30,047 ne, ke nan a lokacin da na'urar ta fito kuɗinta ya haura albashin wata goma. Shi ya sa abin da ke isowa ƙananan garuruwa yawanci na hannu ne, daga kasuwannin Kano ko Kasuwar Dole ta Damagaram, ko cikin jakar ɗan cin rani da ya dawo daga arewa.

Data ma haka. Mai son nuna wasa kai tsaye da hoto mai kyau a Twitch yana buƙatar tura kusan megabit 6 a kowace daƙiƙa. Idan aka buga lissafi, awa ɗaya za ta cinye gigabait 2.7, kuma dole rezo ya tsaya daram ba yankewa. Kamfanonin Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecoms ne ke ba da layukan waya a ƙasar, kuma kowa ya san ƙarfin rezo raguwa yake yi idan aka yi nisa da manyan birane. Don haka nunin kai tsaye ba shi ne abin da ake yi ba. Abin da ke tafiya shi ne guntun bidiyo na daƙiƙa 30 ko minti ɗaya, wanda WhatsApp zai matse shi ya rage masa nauyi.

Tsadar data ce kuma ta sa tsofaffin wasanni suka ƙi mutuwa. A 2021 kamfanin Konami ya sauya sunan PES zuwa eFootball, ya mayar da shi kyauta amma mai dogaro da intanet. Kamfanin EA ya rabu da hukumar FIFA, ya fitar da EA Sports FC 24 a Satumban 2023. Sababbin wasannin na buƙatar sauke gomman gigabait. Mai gidan gem a ƙauye gara ya riƙe tsohon PES da aka yi wa kwaskwarima aka saka masa sababbin 'yan wasa da sababbin riguna. Ba a nan kaɗai ake wannan dabara ba: a Brazil akwai Bomba Patch, wanda tun 2007 ake sabunta shi domin PlayStation 2.

Daga hannu zuwa hannu

Kafin bidiyo ya hau intanet, yakan fara yawo ne a ƙasa. Manhajar Xender da ire-irenta na tura fayil daga waya zuwa waya ba tare da cin data ba. Mai shagon caji, wanda shi ne kuma mai tura waƙoƙi da fina-finai a memori, yakan zama tashar da komai ke bi. Ranar kasuwa mutanen ƙauyuka da rugage na shigowa su yi caji su cika memori, su koma da abin da aka zuba musu.

Nijar ta taɓa ganin abin da wannan hanya za ta iya yi. Mawaƙin nan mai kaɗa jita, Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008. Ba a sayar da shi a kantuna ba. Ta Bluetooth da memori waƙoƙin suka ratsa Sahel, har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da su, ya saka ɗaya cikin wani kundi na waƙoƙin wayoyin Sahara a 2011. Daga nan mawaƙin ya shiga zagaya duniya. Bidiyon gem na bin wannan tsohuwar turba ce, sai dai yanzu WhatsApp ya ƙara mata tsawo.

Amfanin bidiyon na farko a cikin gari shi ne shaida. Musu kan wanda ya fi iya buga ƙwallo tsakanin fada da fada ba ya ƙarewa, amma idan akwai bidiyo magana ta mutu, domin gani ya kori ji. Na biyu kuma sada zumunci ne. Wanda ke wanke ƙasa a ramin zinari ko yake aikin gini a Tamanrasset, idan ya ga bidiyon ya ji muryoyin abokansa, ya ga bencin da ya saba zama, ya san har yanzu da shi ake yi.

Murya ce jarin

Ta fuskar kyawun hoto, yaron da ke ɗaga waya a Belbeji ba zai taɓa yin gogayya da mai ɗakin naɗar bidiyo a Paris ba. Ƙwallon da Mbappé na cikin gem ya ci a can ita ce dai ya ci a nan. Abin da ke nan wanda babu a can shi ne sautin ɗakin: sharhi da Hausar Damagaram, kirari irin na filin kokawa, habaici, ba'a tsakanin abokan wasa, wani lokaci a jefa kalmar Tamashek ko Fulatanci ko Faransanci.

Kasuwar Hausa ta riga ta nuna darajar irin wannan. Fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa, waɗanda kamfanoni irin su Algaita na Kano suka yi fice a kai, hotonsu na wasu ne, muryar ce ta gida, kuma saboda muryar ake neman su. Masu jin Hausa sun haura miliyan 50, daga Nijar da Najeriya har Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan. A watan Maris na 2025 sabon kundin da gwamnatin Nijar ta ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wasannin ƙwallo na na'ura suna zuwa da sharhin Ingilishi da Faransanci da Larabci da wasu harsuna, amma babu Hausa. Matasan da ke magana a kan bidiyonsu su ne ke cike wannan gurbi, ko sun sani ko ba su sani ba.

Wa ke cin ribar?

Matasa da dama na ɗora bidiyo da fatan wata rana intanet za ta fara biyan su. Ƙa'idar YouTube ita ce sai mutum ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, kafin a fara raba kuɗin talla da shi. Amma akwai sharaɗin da ya riga waɗannan: dole mutum ya kasance a ƙasar da shirin ke aiki. Jerin ƙasashen da YouTube ya daɗe yana wallafawa ya ƙunshi Najeriya da Ghana da Senegal da Kenya, babu Nijar a ciki. Shirin TikTok na biyan masu bidiyo kuwa ya taƙaita ne ga ƙasashe ƙalilan irin su Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus da Japan da Brazil.

Sakamakon haka shi ne ɗan Belbeji zai sayi data ya ɗora bidiyo, abokansa su sayi data su kalla, kamfanin waya ya samu, dandalin ya samu masu kallo, kamfanin gem ya samu talla. Shi kuwa yabo kaɗai ya samu. Masu neman mafita kan buɗe asusu da sunan ɗan uwa a Kano ko Faransa, abin da ke nufin makullin dukiyarsu na hannun wani. Idan zumunci ya yi tsami, ko dandalin ya gano an saɓa ƙa'ida ya rufe asusun, wahalar shekaru ta tafi a banza.

Akwai kuma tarkon haƙƙin mallaka. Wasannin ƙwallo na zuwa da waƙoƙin mawaƙan duniya da ke tashi a lokacin zaɓen ƙungiya. Na'urar YouTube mai gano waƙoƙi, Content ID, kan kama su, sai kuɗin tallar bidiyon ya koma ga mai waƙar ko a toshe sautin. Maganin abin shi ne kashe kiɗan wasan kafin a fara naɗa.

Wanda ke samun riba ta zahiri a gari shi ne mai gidan gem. Duk bidiyon da ya zaga fada-fada talla ce ga shagonsa, kuma gasar da ya shirya aka naɗe ta tana jawo masu zuwa gwada sa'a daga wasu unguwanni.

Fuska, baki da doka

Wayar da aka ɗaga a gaban talabijin ba wasa kaɗai take kamawa ba. Tana kama fuskar ƙaramin yaron da ya sulale daga gida, da ashar ɗin da wanda aka ci ya saki cikin fushi, da kuɗin da aka ajiye idan wasan ya rikiɗe ya zama caca. Abin da aka faɗa cikin raha a ɗaki, idan ya shiga rukunin WhatsApp na gari, yana iya zama faɗa tsakanin gidaje biyu. Magana zarar bunu ce, ta bidiyo kuwa ta fi wuyar mayarwa.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Nijar ta kafa dokar yaƙi da laifukan intanet a watan Yulin 2019. A 2022 an sassauta ta aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yunin 2024 gwamnatin soja ta mayar da hukuncin, wanda zai iya kai wa shekara ɗaya zuwa uku a gidan kaso. Ƙasar kuma na da hukumar kare bayanan jama'a ta HAPDP. Yaron da ya ɗora bidiyon abokinsa yana zagin wani da suna zai iya jefa su biyun cikin matsala ba tare da ya yi nufin haka ba. A nan hanyar filashi ta fi aminci, domin wasan kaɗai take ɗauka, muryar da za a ɗora daga baya kuma an yi tunani kafin a furta ta.

Iyaye da malaman makaranta suna da nasu ƙorafin: kuɗin karin kumallo da ke ƙarewa a gidan gem, sallar da ake jinkirtawa, karatun allo da na lakwal da ake yi da gyangyaɗi. Damuwar tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022. Amma hukumar ta fayyace cewa ana maganar wanda wasa ya fi ƙarfinsa ne har ya lalata masa karatu ko aiki ko zaman iyali na tsawon aƙalla wata 12, kuma kaɗan ne cikin masu wasa ke kai wa wannan matsayi.

A ɗaya ɓangaren, yaron da ya koyi yanka bidiyo saboda ƙwallon gem ya koyi sana'a. Hannun da ya iya haɗa hoto da murya a CapCut shi ne zai haɗa bidiyon biki ko na suna, ko tallar ragunan layya da mai kiwo ke son turawa dillalai a Damagaram da Maraɗi.

Abin da ke tafe

A wasu sassan duniya abin ya yi nisa. Gasar wasannin bidiyo ta duniya da aka fara a Riyadh a 2024 ta raba kyautar sama da dala miliyan 60. A Abijan ana gudanar da bikin FEJA na wasannin bidiyo tun 2017, kuma a gasar wasannin Afirka da aka yi a Accra a Maris na 2024 an saka wasan bidiyo a matsayin gwaji. A Janairun 2024 asusun zuba jari na Sony ya sa kuɗi a kamfanin Carry1st mai rarraba wasanni a Afirka, alamar cewa kamfanin ya fara waiwayar nahiyar.

A gida ma akwai motsi. Kamfanin Starlink mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam ya fara aiki a Nijar a Maris na 2025, kuma ba ya buƙatar a kafa masa dogon ƙarfen rezo a gari. Aikin shimfiɗa igiyar intanet da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya haɗa da reshen da ya tashi daga Damagaram zuwa Tinkim a iyakar Najeriya. Idan mai gidan gem ya haɗa faifan sola da irin wannan intanet, zai iya sayar da wasa da caji da Wi-Fi a rumfa ɗaya.

Wannan zai magance matsalar ɗora bidiyo, amma ba zai saka sunan Nijar cikin jerin ƙasashen Sony ko na YouTube ba. Wannan magana ce tsakanin kamfanonin da hukumomin ƙasa, irin su ma'aikatar sadarwa da hukumar ARCEP mai sa ido kan kamfanonin waya.

Kafin lokacin, a gidan gem na Belbeji aikin na hannun mai riƙe da waya ne. Shi ne ake roƙo ya matso gaba idan za a buga fenariti, shi ake yi wa tsawa idan kan wani ya tare kyamara, kuma shi wanda aka lallasa yake bi har ƙofar gida yana lallashi a goge bidiyon kafin ya isa fada.